Wharton, Ross ko Stern: wace ta fi suna, kuma wa ya san su a Sakkwato?

Kawun_Yara_Mabera:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema, wanda ya sani ya yi magana, wanda bai sani ba ya taya mu da addu'a. Ɗan yayana ya gama sakandare bana, sakamako ya yi kyau, har jarabawar SAT ya je Abuja ya rubuta, ita ma ya ci. Yaro ya ce kasuwanci zai karanta, kuma a Amurka. Ya kawo min takarda da sunayen makarantu huɗu: Wharton, Ross, Stern da Haas. Yaya Alhaji, da yake shi ne mai biya, ya ce bai taɓa jin ko ɗaya ba, in dai kuɗi za a kashe to a kai yaro Harvard, wadda ko a Tsohuwar Kasuwa ka ambata an san ta. Ni ne ɗan bokon gidan, sai aka ɗora min bincike, alhali ni labarin ƙasa na karanta a Ɗanfodiyo. Tambayata biyu ce. A cikin huɗun nan wace ta fi daraja? Sannan darajar, in yaro ya dawo gida, tana biyo shi ko a can take tsayawa?

Malam_Lissafi:
Wa alaikumus salam. Kawu, ka fara kai wa Alhaji wannan labari, amma a hankali: Harvard ba ta ba da digirin farko a fannin kasuwanci. Makarantar kasuwancinta da ake ta jin sunanta, wadda aka kafa a 1908, ta manya ce. Sai mutum ya gama digiri, ya taɓa aiki na 'yan shekaru, sannan ya je ya yi MBA, wato digiri na biyu a fannin kasuwanci. Yaron da ya shiga Harvard daga sakandare, abin da ya fi kusa da muradinsa shi ne ilimin tattalin arziki. Haka Stanford, haka Yale. Princeton ma ba ta da makarantar kasuwanci ko ɗaya. A cikin jami'o'i takwas ɗin nan da ake kira Ivy, biyu ne kawai ke da digirin farko na kasuwanci, Pennsylvania mai Wharton, da Cornell. Yaron bai yi shirme ba, ya san abin da ya rubuta.

DanRunjinSambo:
To wa ka hwaɗa ma Alhaji hakanga? Ni dai ba ni ba. Mutum ya gama shirin cewa "ɗana na Harvard" ga majalisa, kai ko ka zo mai da wata Ross. Sai a ce wace Rose kuma, karatu anka tura shi ko neman aure?

Bako_a_Mishigan:
@DanRunjinSambo Allah ya shirye ka, a nan nake zaune kuma yanzu ba zan ƙara jin sunan ba sai na yi dariya.

Kawu, ni digiri na biyu nake yi a jami'ar Mishigan, ba a Ross ba, amma kullum muna tare da ɗalibanta. Amsar tambayarka ta farko ba ta da wuya daga sama: Wharton ce gaba, kuma su kansu ɗaliban Ross da Stern ba sa musu a kai. Ita ce ta fari, tun 1881, kuma manyan bankunan Wall Street sun saba ɗiban ma'aikata daga can tun kaka da kakanni. Daga ita sai Sloan ta MIT, wadda yaronku bai rubuta ba, ita kuma ta masu ƙarfin lissafi ce. Bayan waɗannan biyu ne rigima take. Haas, Ross da Stern kusan kafaɗa da kafaɗa suke, kowace da inda ta fi ƙarfi.

Stern tana tsakiyar birnin New York, ɗalibi yana iya fita aji da safe ya je ofishin banki koyon aiki da rana, ya dawo. Haas tana Berkeley a Kalifoniya, maƙwabciyar kamfanonin fasaha, wanda hankalinsa ke kan kafa kamfani can ya fi masa. Ross kuma ƙarfinta yawan tsofaffin ɗalibai ne, ko ina ka shiga a Amurka sai ka tarar da ɗan Mishigan, kuma suna riƙe juna. Abu ɗaya da zan ƙara: a da Haas sai ka yi shekara biyu a jami'ar sannan ka nemi shiga, ana iya ƙin ka bayan ka riga ka kashe kuɗin shekara biyu. Daga 2024 suka fara ɗauka kai tsaye daga sakandare na shekara huɗu.

Sannan a gaya wa yaro, sanyin Ann Arbor, garin da Ross take, ba hunturun Sakkwato ba ne. Ni da na tashi a Gawon Nama ina ƙorafin zafin Afrilu, yanzu kewarsa nake.

Ummu_Khairi:
Ku dakata da maganar daraja, a fara da kuɗi. Pennsylvania da jami'ar New York mai Stern, in aka haɗa kuɗin makaranta da ɗaki da abinci da inshorar lafiya, abin yana kaiwa wajen dala 90,000 a shekara. A lissafa dala a naira 1,500, miliyan 135 ke nan. Shekara huɗu, miliyan 540. Kawu, Alhaji ya ga wannan lissafin kuwa?

Kawun_Yara_Mabera:
Hajiya, bai gani ba. Siminti yake sayarwa, shi a zatonsa abin bai wuce kuɗin tirela biyu ko uku ba.

DanRunjinSambo:
Bari in yi mai lissahi da yaren da shika ji. Buhu naira 10,000, miliyan 540 buhu 54,000 ke nan. Tirela mai ɗaukar 600, tirela 90. Ka ce mai su jeru tun daga Kalambaina, shi tsaya bakin hanya shi ƙirga. In yag gama ƙirga bai suma ba, a tura yaro.

Hajiyar_Banki:
Tambaya ta biyu ce tawa, don shekara goma sha ɗaya na yi ina zama a teburin ɗaukar ma'aikata a wani banki, Legas da Abuja, kafin in dawo gida. Gaskiyar magana, sunayen da ke sa shugabanni su gyara zama ba su da yawa: Harvard, Oxford, Cambridge, LSE ta Landan, wani lokaci Stanford. Wharton kuwa, waɗanda ke sashen zuba jari sun san ta sarai, suna girmama ta ƙwarai. Amma Ross da Haas da Stern, sai wanda ya zauna a can.

Akwai ranar da wani yaro ya zo intabiyu, daga ɗaya daga cikin makarantun nan uku ya fito, da sakamako mai kyau. Ɗaya daga cikin manyanmu ya duba takardarsa ya ce masa, wannan makarantar gwamnati ta amince da ita kuwa? Na ga fuskar yaron ta canja. Mun ɗauke shi daga baya, amma ba don sunan makaranta ba, don ya warware lissafin da muka ba shi a minti goma, sauran suka shafe rabin awa. Kuma matakin da aka sa shi da albashinsa daidai da na wata yarinya da ta fito daga ABU. Ita ma ɗin ba daga baya ba ce.

Ba cewa nake suna ba shi da amfani ba. Kamar kuɗin ƙasa ne, sefa tana ci a Konni, tana ci a Illela, amma ka kai ta kasuwar Onica ka ga yadda za a dube ka.

Malam_Lissafi:
Wani abu da zai iya sanyaya wa Alhaji rai: duk sunayen nan huɗu na attajirai ne irinsa. Joseph Wharton mai masana'antar ƙarfe ne, ya ba da dala 100,000 aka kafa makarantar. Haas sunan mutanen kamfanin Levi Strauss ne, masu wandon jins. Leonard Stern ya ba da dala miliyan 30 a 1988 aka sa sunansa. Stephen Ross mai harkar gine-gine ya ba da miliyan 100 a 2004. Daidai da yadda makarantar kasuwanci ta Bayero take ɗauke da sunan Ɗangote.

Dattijo_Kanwuri:
Yara, ku yi man haƙuri in sa baki. Tunda anka ambaci Ɗangote, shi wace Wharton yay yi? Abdussamadu mai simintin da Alhajinku ka saidawa fa? Alhasan Ɗantata da yar rasu 1955, wane aji yaz zamna? Mu nan mun ga mutanen da ba su iya rubuta sunansu da boko, amma albasa da fata sunka kai su Makka sau goma. Kasuwanci ga kasuwa aka koyo nai. Yaro shi zamna shago shekara huɗu wurin ubanai, shi san wa ka biyan bashi, wa ka gudu, ya hi takarda.

Akanta_Arkilla:
Baba, da girmanka, amma misalan nan biyu na farko ba su taimaki maganarka ba. Aliko Ɗangote ya yi karatun kasuwanci a jami'ar Azhar ta Alƙahira. Abdussamad Rabi'u ya karanta tattalin arziki a jami'ar Capital da ke Ohayo a Amurka. Abin da za ka iya cewa, kuma zan yarda da kai, shi ne ba makarantun da ke saman jadawali suka je ba. Jim Ovia mai bankin Zenith a Luwiziyana ya yi, a jami'ar da ba a sa ta cikin waɗannan jerin. Tony Elumelu a Ekpoma ya yi digirin farko. Sarki Sanusi a ABU ya karanta tattalin arziki, ya gama a 1981. Dukkansu sun yi karatu, sai dai ba sunan makaranta ya kai su inda suka kai ba.

Dattijo_Kanwuri:
To ai ka zo inda nike, ɗana. Hanya ta dai kab bi mai nisa.

Dr_Tattali:
Bari in ɗan yi bayanin inda wannan "daraja" take fitowa, don ina ganin yaron daga jadawalin intanet ya kwaso sunayensa, kuma yana da kyau a san yadda ake dafa jadawalin kafin a ci.

Wanda aka fi dubawa shi ne na mujallar US News. A ɓangaren digirin farko na kasuwanci, ba sa auna albashin waɗanda suka gama, ba sa auna koyarwa. Takarda suke aika wa shugabanni da manyan malaman makarantun kasuwanci, su ce kowa ya ba sauran maki daga 1 zuwa 5. Shi ke nan. Wato suna ne ake aunawa da suna. Wadda aka sani bara ita za a ba maki bana, shi ya sa saman jerin kusan ba ya motsi. Akwai wani jadawalin na Poets&Quants, su suna duba wahalar samun shiga, da ra'ayin tsofaffin ɗalibai, da aikin da aka samu bayan gamawa. Da ka sa jerin biyu gefe da gefe sai ka ga Wharton tana sama ko kusa da sama a duka, amma na ƙasa sun hargitse, makarantar da ke ta biyar a nan tana iya zama ta goma sha wani abu a can.

Kuma ana maguɗi. Tsohon shugaban makarantar kasuwanci ta jami'ar Temple, a Filadelfiya ɗin da Wharton take, kotu ta same shi da laifi a 2021 kan aika alƙaluman ƙarya don makarantarsa ta hau sama, aka yanke masa wata 14 a gidan yari. A 2022 wani malamin lissafi na jami'ar Columbia ya tona cewa alƙaluman da jami'arsa take bayarwa ba daidai ba ne, ta faɗo daga ta 2 zuwa ta 18 a shekara ɗaya. Malaman nan dai su ne, ɗakunan karatu su ne, lamba ce kawai ta canja.

Bako_a_Mishigan:
Dakta, duk na yarda, amma kada a sa Kawu ya ɗauka abin duk iska ne. A nan akwai makarantun da manyan kamfanoni irin Goldman Sachs da JP Morgan da McKinsey suke zuwa da ƙafarsu har cikin harabar su yi intabiyu. Ɗalibin da ke irin wannan makaranta, tun yana aji biyu ake fara zawarcinsa. Wanda ke wata makarantar kuwa, ko ya fi shi ƙwaƙwalwa, sai ya yi ta aika takarda ta intanet cikin dubban mutane. Da idona nake ganin wannan duk shekara. Ko jadawali ƙarya ne, ƙofar da yake buɗewa ta gaske ce.

Dr_Tattali:
@Bako_a_Mishigan ban musa ba. Amma akwai binciken da wasu masana biyu, Stacy Dale da Alan Krueger, suka wallafa a 2002. Sun bi ɗaliban da manyan jami'o'i suka ba gurbi, wasu suka je, wasu suka zaɓi jami'o'in da ba su kai su suna ba. Bayan shekaru sai aka ga abin da suke samu kusan ɗaya ne. Ma'ana, yaron da ya isa a ɗauke shi, yawanci shi ne jarin, ba ginin ba. Inda suka ga bambanci sosai shi ne 'ya'yan marasa ƙarfi, waɗanda ba su da kowa a sama, su makarantar ce take zame musu dangi. Warren Buffett ma shekara biyu ya yi a Wharton ya tattara ya koma jami'ar Nebraska ta jiharsu, daga baya Harvard ta ƙi ɗaukar sa, ya tafi Columbia.

Hajiyar_Banki:
Wannan na ƙarshen ya dace da abin da na gani. Kuma a tambayi kai: ɗan Alhaji dillalin siminti a Sakkwato mara kowa ne? A New York, ƙwarai kuwa, ba wanda ya san shi. A nan gida kuwa waya ɗaya uban zai buga.

AbuAmmar:
Ni abin da ban ji kowa ya taɓo ba shi ne halaccin aikin. Ana ta Wall Street, Wall Street. Aikin me ake yi a can in ba ruwa a kan bashi ba? A kashe miliyan ɗari biyar a koya wa yaro riba? In harkar kuɗi yake so, ga Maleshiya, jami'ar Musulunci ta ƙasa da ƙasa tana can, kuɗinta bai kai kusa da wannan ba, abinci halal, masallaci a cikin makaranta. A Bayero ma akwai cibiyar nazarin bankin Musulunci. Tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 wannan fanni yake faɗaɗa, ana neman masu ilimi.

Akanta_Arkilla:
Malam AbuAmmar, a raba biyu. Karatun kasuwanci ba banki kaɗai ba ne. Akwai lissafin kuɗi, akwai talla, akwai sarrafa kaya daga masana'anta zuwa hannun mai saye, akwai tafiyar da ma'aikata. Wannan na ukun ma shi ne ainihin abin da gidan siminti ke buƙata. Kuma masu tsara sukuk ɗin da gwamnati ke gina hanyoyi da shi, sai sun san yadda ɗaya tsarin yake kafin su kauce masa.

AbuAmmar:
Sanin abu daban, zama cikinsa shekara huɗu kana ɗan shekara 18 daban. Na faɗi nawa.

Maman_Biyu:
Ni ma nan hankalina yake, ba kan riba ba ma, kan shekarun. Ɗan ƙanwata an kai shi waje yana ɗan 17, ba Amurka ba, shekara ta biyu ya daina shiga aji, ba wanda ya sani sai da makaranta ta rubuto. Ba lalacewa ya yi ba, kaɗaici ne ya kama shi. Yanzu yana nan gida yana karatu lafiya lau. Kawu, kun fi mu sanin yaronku. Ya taɓa wata uku ba ya gida?

Zarah_Minanata:
A yi adalci dai. Gida ma ba aljanna ba ce. Ni na shiga jami'a a nan, yajin aikin 2020 ya ci mana wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, digirin shekara huɗu ya zama kusan shida. Wanda yake da halin kauce wa wannan kada a sa shi jin kunya. Kuma tsakanin Sakkwato da Filadelfiya akwai tashoshi da yawa. Ga AUN a Yola. Ga makarantar kasuwanci ta Legas. Ga Ashesi a Gana.

Malam_Lissafi:
Gyara kaɗan, Malama Zarah. Makarantar kasuwanci ta Legas, wadda aka fara a 1991, ita ma irin ta Harvard ce, ta masu digiri da manyan ma'aikata. Digirin farko sai a uwar jami'ar, Pan-Atlantic. Ashesi kuwa kin kawo magana. An kafa ta a 2002, tana da digirin farko na kasuwanci, tana ba 'yan Afirka tallafi, kuma wanda ya kafa ta, Patrick Awuah, a Haas ɗin da ke takardar yaron ya yi MBA bayan ya bar Microsoft.

Kawun_Yara_Mabera:
Ina bin ku duka, Allah ya saka. Maman Biyu, bai taɓa ba, makarantar je-ka-ka-dawo ya yi. Na ajiye wannan a rai. To maganar tallafin karatu fa? Yaron ya ce ana bayarwa.

Bako_a_Mishigan:
Ana bayarwa, amma a nan ne jerin nasa zai juye. Mishigan da Berkeley jami'o'in gwamnatin jiha ne, tallafinsu na 'yan ƙasa ne, baƙo kusan cikakken kuɗi yake biya. Pennsylvania tana ba baƙi, kuma in ta ɗauke ka tana cike abin da iyayenka suka gaza, sai dai tana duba buƙatarka tun wajen yanke hukuncin ɗauka, wato neman tallafi yana ƙara tsaurara shiga. MIT da Harvard da Yale da Princeton su ba sa duba aljihunka wajen ɗauka, ko daga ina kake. Abin dariya, Harvard ɗin Alhaji tana iya fin Ross araha in an samu shiga. Amma fa za su nemi bayanin dukiyar uba dalla-dalla, shago da gidaje da filaye.

DanRunjinSambo:
Nan magana tam mutu. Basakkwacen ɗan kasuwa shi rubuta abin da yam mallaka ga takarda shi aika ma Nasara? Ko uwargida ba ta san wanga ba.

Ummu_Khairi:
Sannan biza. A Yulin 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta wata uku, shiga sau ɗaya, kuma dokokin sai ƙara tsauri suke. Kafin a biya ko sisi a tabbatar da halin da ake ciki. Bayan gamawa ma izinin aiki na wata 12 ne, sai kwasa-kwasan da aka sa a rukunin kimiyya da lissafi ake ƙara wa wata 24. Daga nan sai bizar ma'aikata, wadda guda 85,000 ake bayarwa a shekara ga duk duniya. Duk ƙofar da Bako yake magana a kai, in ba a bar ka ka zauna ba, ta rufe. Sai ka dawo ka kai takardunka ma'aikatar ilimi a Abuja a tantance, ka yi bautar ƙasa kamar kowa.

Akanta_Arkilla:
Ga tawa shawarar, ku ɗauka ko ku bari. Ya yi digirin farko a gida ko kusa da gida, lissafin kuɗi ko tattalin arziki, yana yi yana rubuta jarabawar ƙwararrun akantoci ta ICAN ko ACCA. Hutu kuma ya bi shawarar Baba Dattijo, ya zauna a shago. Ya yi aiki shekara uku ko huɗu. Sannan a ɗauki wani kaso na kuɗin nan a tura shi MBA na shekara biyu, a lokacin Harvard ɗin tana karɓa, Wharton tana karɓa, kuma sunan da mutane ke riƙewa na makarantar ƙarshe ne. Alhaji ya samu abin faɗa a majalisa, yaro ya je da hankalinsa.

Zarah_Minanata:
Sai dai shiga MBA ɗin nan daga jami'ar gida ba kamar shiga kasuwar Kara ba ce. Mutum nawa ka sani daga nan da suka samu? Ngozi Okonjo-Iweala tun digirin farko ta tafi Harvard, ta gama a 1976, kuma ba wanda zai ce hakan bai taimake ta ba. Wani lokaci damar da ta zo kana 18 ba ta dawowa kana 28, ga aure ga 'ya'ya.

Hajiyar_Banki:
Na san mutum biyu, duka daga bankinmu suka tafi, ɗaya ABU ya yi, ɗaya Ife. Ba yawa, amma akwai. Zarah ma tana da gaskiya. Ni dai har yanzu ban ji an tambayi yaron abu ɗaya ba: so yake ya gaji shagon ya mayar da shi kamfani, ko so yake ya tafi ke nan? In na biyu ne, Wharton, in ba a samu ba Stern ko Ross, kuma kuɗin yana iya dawowa. In na farko ne, ban ga abin da Haas za ta koya masa game da direban tirela da ya kashe waya a Tureta ba.

Dattijo_Kanwuri:
Hajiya, Allah shi yi miki albarka. Wagga tambaya ita ta ba a so a yi ga gidaje, don ana tsoron amsa.

Sabon_Shiga_01:
Don Allah ina ake rubuta SAT ɗin, kuma sai an je Abuja? Ƙanena ma yana aji shida.

Bako_a_Mishigan:
A shafin College Board ake rajista, zai nuna maka cibiyoyin da ke buɗe a Najeriya ka zaɓa. Ka nemi ofishin EducationUSA ma, suna Abuja da Legas, suna ba da shawara kan neman gurbi da tallafi. Ka yi min magana ta gefe.

Kawun_Yara_Mabera:
Jama'a, na dawo. Bayan isha'i na zauna da Yaya Alhaji, na karanta masa lissafin tirela 90. Ya yi shiru, ya ce in sake. Na sake. Sai ya ce a kira yaron. Na yi masa tambayar Hajiya a gaban uban, ya sunkuyar da kai ya ce shi dai yana so ya ga yadda ake yi a can tukuna. Alhaji ya ce wannan ba amsa ba ce. Yanzu dai an tsaya a kan zai nemi Wharton da MIT da Ashesi, ya kuma yanki JAMB, a ga wadda ta amsa. Ross da Haas an cire su saboda tallafi, Stern kuma yaron ya roƙa a bar masa ita a jerin, ba a ce e ba, ba a ce a'a ba.

Da zan fita Alhaji ya kira ni ya ce, wai da gaske Harvard ɗin ba ta koyar da kasuwanci, ko dai yaran intanet ne suka haɗa baki da ɗansa?

DanRunjinSambo:
Ka ba shi lambata, ni ka yi mai bayani. Amma shi aje man buhu ashirin, ina da gini Gwiwa.

Malam_Lissafi:
Kawu, a duba ranakun rufe neman gurbi tun yanzu. Na zagayen farko a farkon Nuwamba ne, na gama-gari a farkon Janairu, kuma wasiƙun malamai suna ɗaukar lokaci kafin a karɓo su daga makaranta.